Karin kumallo ba ya rage ƙiba, barinsa ma haka

Kumallo shi ne ɗacin nan da ke taso wa mutum daga ciki idan ya kwana ya wayi gari bai sa komai a bakinsa ba. Wanda ya fara kiran abincin safe da karin kumallo bai yi wa kowa alkawarin siririn ƙugu ba. Abin da ya nufa shi ne a karya ɗacin nan, a samu a kama harkar gaba. Yau kuwa an ɗora wa wannan abinci kayan da suka fi ƙarfinsa. Idan ka ce ba ka karyawa, sai wani ya zaro ido ya ce ai shi ya sa teɓarka ta ƙi sauka, wai jikinka ya ɗauka an shiga fari, ya koma ɓoye kitse. Idan ka ce kana karyawa, sai wani ya girgiza kai ya ce ka katse wa jiki aikin ƙona mai, da ka daure zuwa sha biyu da ka ga abin mamaki. Na saurari ɓangarorin biyu na tsawon shekaru, na kuma yi biyayya ga kowannensu na ɗan lokaci. Inda na tsaya shi ne dukkansu suna ba agogo darajar da ba shi da ita. Nauyin mutum yana bin jimillar abin da ya ci da abin da jikinsa ya ƙone a kwanaki da makonni, kuma aikin karin kumallo a cikin wannan lissafi guda ɗaya ne: ya sauƙaƙa maka sauran yinin ko ya wahalar maka da shi.

Maganar nan ta cewa karin kumallo ya fi kowane abinci muhimmanci tana da iyaye, kuma an san su. A ƙarshen ƙarni na 19, a garin Battle Creek na jihar Mishigan a Amurka, wani likita mai suna John Harvey Kellogg yana riƙe da wani babban gidan jinya inda yake gwada abinci iri-iri a kan masu zuwa neman lafiya. A nan ne shi da ƙanensa Will suka ƙirƙiro busasshen hatsin nan da ake zuba wa madara. Ƙanen ya kafa kamfaninsa a 1906, kamfanin da ya ɗauki sunan gidansu. A 1917 wata masaniyar abinci ta wannan gidan jinya, Lenna Cooper, ta rubuta a mujallar Good Health, wadda Kellogg ɗin ne editanta, cewa ta fuskoki da dama karin kumallo ne abinci mafi muhimmanci a yini. A shekarun 1920 kuma Edward Bernays, gwanin sarrafa ra'ayin jama'a, ya karɓi kwangila daga kamfanin Beech-Nut mai sayar da naman alade. Ya sa aka tambayi dubban likitoci ko abinci mai nauyi da safe ya fi marar nauyi, aka baza amsarsu a jaridu, ciniki ya buɗe. A 1944 kamfanin General Foods ya ɗauko nasa kiɗan don tallar hatsinsa na karin kumallo mai suna Grape-Nuts.

Ba ina cewa duk abin da ɗan kasuwa ya faɗa ƙarya ba ne. Mai sayar da sabulu ya ce a yi wanka, kuma gaskiya ya faɗa. Amma idan ka ga magana ta zaunu a bakin kowa tun kafin a gwada ta, kuma waɗanda suka fi yaɗa ta su ne masu cin riba da ita, to hakkinka ne ka ce a kawo shaida.

Shaidar da aka daɗe ana kawowa ita ce wannan: idan aka tara dubban mutane aka tambaye su yadda suke cin abinci, sai a tarar masu karyawa kullum, a jimlace, sun fi marasa karyawa ƙarancin ƙiba. An ga haka a ƙasashe da yawa, babu musu. Akwai ma wata rajista a Amurka da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Kashi 78 cikin 100 na waɗanda aka bincika a cikinsu sun ce suna karyawa kowace rana. Wannan adadi ya yi yawo a duniya.

Sai dai a dubi wane ne mai karyawa kullum. Galibi mutum ne da ya kwanta da wuri ya tashi da wuri, yana da aikin da ya san lokacin shigarsa da na fitarsa, yana da abin da zai saya da kuma lokacin da zai zauna ya ci. Wanda ba ya karyawa kuwa, sau da yawa shi ne mai aikin dare, ko mai shan taba, ko wanda barcinsa ya rikice, ko wanda ya riga ya yi ƙiba yake tsallake safiya don ya rage. Na ƙarshen nan ya isa ya juya lissafin gaba ɗaya, domin a wurinsa ƙibar ce ta haifi rashin karyawar. Wanda ya ga masu riƙe da lema sun fi yawa ranar da ake ruwa, ba zai ce lema ce ke jawo hadari ba. A 2013 wasu masana uku, Andrew Brown da Michelle Bohan Brown da David Allison, suka bi rubuce-rubucen kimiyya a kan wannan batu, suka nuna yadda masu bincike da kansu suke ɗaukar abin da ya nuna alaƙa kawai su rubuta shi kamar sun gano sanadi, wasu kuma su ambato su, magana ta yi ta kumbura ba tare da an ƙara mata hujja ba.

Hanyar raba gardama ita ce a ɗauki mutane a kasa su ta ƙuri'a, a ce wa waɗannan ku karya, waɗancan kada ku karya, sannan a hau sikeli. An yi hakan. A 2014 Emily Dhurandhar da abokan aikinta na jami'ar Alabama da ke Birmingham suka kasa mutum 309 masu nauyin da ya wuce kima gida uku, suka bi su makonni 16. Waɗanda aka ce su karya sun karya, waɗanda aka ce su bari sun bari, kuma da aka zo awo babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na jami'ar Bath a Ingila, wanda James Betts ya jagoranta, aka buga shi a wannan shekarar. Mutum 33 ne kawai, marasa ƙiba, na makonni shida. Rabi suna cin aƙalla kalori 700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kafin ƙarfe 11 na safe, rabi kuwa ruwa kaɗai har zuwa sha biyu. Abu na farko da ya fito shi ne ƙarfin da jiki ke ƙonewa yana hutawa bai motsa ba a kowane ɓangare. Wato zancen nan na cewa karin kumallo yana tayar da injin jiki, ko rashinsa yana kashe shi, bai samu wurin zama ba. Abu na biyu, masu karyawa sun ci kimanin kalori 540 fiye da 'yan uwansu a yini, domin marasa karyawar ba su rama duk abin da suka bari ba. Abu na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba: masu karyawar sun fi motsi, sun ƙone kimanin kalori 440 ƙari ta hanyar kai-komo na yau da kullum, tashi, zama, tafiya, 'yan ƙananan motsin da mutum ba ya ma sanin yana yi. Abin da ya shiga ta ƙofa ya fita ta taga. Jiki ba wawa ba ne, idan ka rage masa a nan zai rage maka a can, ba tare da ya yi shawara da kai ba.

A 2019 masu bincike a jami'ar Monash ta Ostareliya suka tattaro gwaje-gwaje 13 irin waɗannan suka haɗa sakamakonsu a mujallar likitanci ta BMJ. Masu karyawa sun fi cin kimanin kalori 260 a yini, marasa karyawa kuma sun fi sauƙin nauyi da kilo 0.44. Ƙasa da rabin kilo ke nan, abin da kofin ruwa biyu zai iya sauyawa a kan sikeli. Su kansu marubutan sun ce yawancin gwaje-gwajen gajeru ne kuma ingancinsu bai taka kara ya karya ba. Duk da haka darasin a fili yake: wanda ba ya jin yunwa da safe, ya tilasta wa kansa ci don an ce masa zai rame, ƙari kawai ya yi wa cikinsa.

A nan ne masu tsallake safiya suke tafi, su ce ai mun faɗa. To su dakata, domin su ma an gwada tasu. Tsarin nan da ya yi tashe na ƙuntata ci cikin awa takwas, daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, a aikace barin karin kumallo ne aka sauya wa suna. A 2020 wani likitan zuciya a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Ethan Weiss, wanda shi kansa ya yi shekaru yana bin tsarin, ya gwada shi a kan mutum 116 na makonni 12. Sun ɗan rage nauyi, amma bambancinsu da masu cin abinci sau uku bai kai abin dogaro ba. Mutumin ya fito ya ce ya koma karyawa, kuma ina ganin girmansa a kan haka, don ba kowa ke iya bin sakamakon da ya ƙaryata shi ba. A 2022 aka sake wani gwaji a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, mutum 139, shekara guda cur. Duka an rage musu kalori daidai wa daida, sai dai rabi an ce su ci tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma kawai. Duka sun rame, kuma ƙuntata lokacin bai ƙara wani abin kirki a kan rage abincin ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kowa ya yi yadda ya ga dama mu tashi. Amma akwai wani abu da ya sa ni kaina nake karyawa, kuma nake ba mafi yawan masu neman rage ƙiba shawarar su gwada. A 2013 Daniela Jakubowicz ta jami'ar Tel Abib ta ba mata 93 masu ƙiba abinci na kalori 1,400 a yini na makonni 12. Wasu suna cin 700 da safe, 500 da rana, 200 da dare, wasu kuma akasin haka. Masu babban karin kumallo suka rage kilo 8.7, masu babban abincin dare suka rage 3.6. Tazarar ta yi yawa har ta sa mutane tunanin ko kalorin safe ya bambanta da na dare. Sai a 2022 ƙungiyar Alexandra Johnstone a cibiyar Rowett ta jami'ar Aberdeen ta sake gwajin da tsauri: mutum 30, ana ba su duk abin da za su ci, ana auna abin da jikinsu ke ƙonewa, kowa ya yi makonni huɗu a wannan tsari da huɗu a wancan. Nauyin da suka rage iri ɗaya ne, kilo uku da 'yan kai a kowane tsari. Abin da ya bambanta shi ne yunwa. Lokacin da suke cin mai yawa da safe, sun fi samun ƙoshi a sauran yinin.

To a nan gizo ke saƙar. A ɗakin gwaji, inda wani ne ke auna maka kwano, yunwarka ba ta da ta cewa. A rayuwa kuwa kai ne mai auna wa kanka, kuma yunwa ce ke riƙe da ludayin. Mutum ba ya yin ƙiba da ƙarfe bakwai na safe. Yana yin ta da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da kai ya yi nauyi, haƙuri ya ƙare, hannu ya kai ga duk abin da ya fi kusa kuma ya fi zaƙi. Yana yin ta da ƙarfe goma na dare a gaban talabijin ko waya, yana ƙwalama ba don yunwa ba ma. Na san wannan a jikina. Watannin da na yi ina tsallake safiya, nakan ji kaina kamar wani jarumi har zuwa tsakar rana, daga nan sai in ci na rana kamar ana kora ta, dare ya yi kuma in ce ai ban karya ba, ina da sauran rabo. An gudu ba a tsira ba. Ina da aboki kuwa da ya shekara goma ba ya cin komai kafin rana ta take, kuma ko a jikinsa, yana cin na rana daidai misali ya tashi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da zan ɗora masa tsarina da na cuce shi, da zai ɗora mini nasa da ya cuce ni.

Har yunwar safen ma sabo tana bi. Akwai wani sinadari da ciki ke fitarwa mai suna girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne mai buga ƙararrawar yunwa, kuma yana tashi ne a lokutan da ka saba ci. Shi ya sa wanda ya sauya tsari yake shan wuya a kwanakin farko sannan abin ya lafa. Kuma da yawa daga masu cewa su ba sa jin yunwa da safe, idan ka bincika, abincin dare ne suka ci mai nauyi a makare, suka kwana da shi. Irin wannan ba karin kumallonsa ne abin gyara ba, darensa ne.

Abin da ya fi ba ni haushi a duk wannan muhawara shi ne yadda ake cewa karin kumallo kamar abu ɗaya ne. Wanda ya ci dafaffen ƙwai biyu da wake da ɗan 'ya'yan itace ya karya. Wanda ya ci farin burodi da biskit ya kora da shayi mai sukari cokali huɗu shi ma ya karya. A takardar tambaya duka za a rubuta musu "eh", amma ƙarfe goma da rabi na safe cikinsu ba zai ce abu ɗaya ba. A 1995 Susanna Holt da abokan aikinta a jami'ar Sidni suka ba mutane abinci iri 38, kowanne da kalori daidai da na ɗan uwansa, suka auna yadda kowanne ke riƙe ciki na awa biyu. Sun sa farin burodi a ma'aunin 100. Dafaffen dankali ya haura 300, faten hatsin ots ya haura 200, ƙwai ya kai wajen 150, shi kuwa burodin nan na Faransa mai man shanu da ake kira kuruwasan bai kai 50 ba. Abin da ke riƙe ciki sananne ne: furotin, wato sinadarin gina jiki, da dusar hatsi da ganye da wake, da ruwan da ke cikin abincin kansa, da kuma abin da sai an tauna. Abin da ke wucewa ya bar ka da yunwa shi ma sananne ne: garin da aka tace fes, da sukari, da mai, musamman idan an haɗa su uku wuri guda.

Sukarin safe kuma a ruwa yake ɓuya. Ƙaramin cokali ɗaya giram 4 ne, kalori 16. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, in ma da hali a sauko da shi ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25, cokali shida. Mai zuba uku a kofi, ya sha kofi biyu, ya cinye rabonsa na yini tun bai sa takalmi ba. Ruwan 'ya'yan itace na kwali, wanda ake sha da zuciya ɗaya don an ga hoton lemo a jiki, sukarinsa ba ya nesa da na lemon kwalba, kuma ciki ba ya lissafa abin sha yadda yake lissafa abin taunawa. Lemo uku da aka matse a kofi ɗaya za ka shanye cikin minti guda ka nemi abinci, amma zauna ka ɓare uku ka ci ka gani. Hatsin kwali da jikokin kasuwar Battle Creek ke tallatawa da hoton lafiya, da yawansu, musamman na yara, sukari ne jibge a ciki. Gwajin Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta Amurka a 2019 ya nuna girman abin: mutum 20 da aka killace, a makonni biyun da aka ba su abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, sun ci kimanin kalori 500 ƙari a kowace rana fiye da makonni biyun da aka ba su wanda ba a sarrafa ba, alhali an bar su su ci iya son ransu a duka biyun.

Barci ma yana da hannu, har ya fi agogon karyawa tasiri a ganina. A wani gwaji na jami'ar Chicago da aka buga a 2022, an taimaka wa masu nauyi da ba sa samun barcin awa shida da rabi su ƙara kimanin awa ɗaya da 'yan mintoci, sai cin abincinsu ya ragu da wajen kalori 270 a yini ba tare da an ce musu su rage komai ba.

Duk abin da na faɗa a kan baligi mai lafiya ne da ke neman daidaita nauyinsa. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari da ƙarfi, tsallake abinci na iya jefa shi cikin haɗari, likitansa ne zai tsara masa. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai shan maganin da sai da abinci, hukuncinsu daban. Yaro mai zuwa makaranta ba a gwada wannan a kansa, musamman wanda dama abincin bai wadace shi ba, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai aikin ƙarfi tun asuba ya san abin da jikinsa ke nema ba sai an gaya masa ba. Kuma kada a manta akwai miliyoyin da ba sa karyawa don babu, ba don sikeli ba. Duk lokacin da na ji ana muhawarar ko a ci ko a bari, nakan tuna cewa zaɓin kansa wata ni'ima ce.

Wani abokin aikina ya taɓa tambayata wanne zai bi, na ce masa ya bar tambayar masana ya tambayi yammacinsa. Ya yi mako biyu yana karyawa da abu mai riƙe ciki, ba sukari a abin sha, ya yi wasu biyu yana tsallakewa, kuma a duka ya riƙa rubuta abin da ya shiga bakinsa daga ƙarfe uku na rana zuwa kwanciya, har da ɗan abin da ake ɗauka a tsaye. Da ya dawo da takardar ba mu ma yi maganar safiya ba. A duka makonni huɗun, kusan kowane dare akwai lemon kwalba ɗaya da abin taunawa bayan ƙarfe goma, kuma ya rantse mini bai san yana yin hakan kullum ba.